Gona taka ce, amma man da ke ƙarƙashinta fa?



Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a watan Nuwamba na 2011, maganar man fetur ta shiga zaure da tasha da bakin kasuwa. Da aka shimfiɗa babban bututun da ya tashi daga Agadem ya nufi gaɓar teku a ƙasar Benin, sai maganar ta shiga har cikin gonaki. Ba sau ɗaya ba na ji manomi yana tambaya: in aka tarar da mai a ƙarƙashin gonata, nawa ne ko na gwamnati? Amsar dokarmu gajeruwa ce, za mu zo kanta. Amma kafin nan ina so mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda amsar ta sha bamban da tamu, wato Amurka, mu ga yanda manoman can suke fama da nasu arzikin. Mai hankali yakan koyi aski a kan wani.

A mafi yawan ƙasashen duniya, abin da ke cikin ƙasa na hukuma ne. A Amurka kuwa, wanda ya mallaki fili ya mallaki abin da ke ƙarƙashinsa, in dai ba a raba su a wani ciniki na baya ba. Mutum yana iya sayar da gonar ya riƙe ma'adinan, ko ya sayar da ma'adinan ya riƙe gonar. Saboda haka kamfanin mai ba ya zuwa wurin minista kaɗai. Sai ya aika dillalinsa ya bi gida gida da takardar haya a jaka, yana neman hannun manomi da na gwauruwa da na magada.

Abubuwa uku ne manya a cikin wannan takarda. Akwai kuɗin sa hannu, wanda ake biya sau ɗaya bisa faɗin filin. Akwai wa'adi, yawanci shekara 3 zuwa 5, wanda a cikinsa kamfani zai haƙa rijiya ko haya ta mutu. Akwai kuma kason mai ƙasa daga duk abin da aka fitar. Shekara da shekaru wannan kaso ɗaya bisa takwas ne, wato kashi 12.5 cikin ɗari, har mutane suka ɗauka haka Allah ya saukar da shi. Alhali al'ada ce kawai, kuma wanda ya iya ciniki yakan samu kashi 18 ko 20, wani wuri har 25.

Ga abin da ya faru a arewa maso gabashin jihar Pensilbaniya, inda ake tatsar iskar gaz daga wani dutse mai suna Marcellus. A wajen 2006 dillalai suka shiga ƙauyukan yankin Susquehanna, inda manoma da yawa masu kiwon shanun madara ne da bashi ya yi wa katutu. Da yawa suka sa hannu a kan dala 25 kowace eka da kaso ɗaya bisa takwas. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma ekar can ba ta kai rabin hekta ba. A canjin lokacin dala 25 wajen jikka 13 ke nan. Waɗansu maƙwabtansu suka ƙi gaggawa. Suka kafa ƙungiyoyi, suka haɗa filayensu dubban eka, suka ɗauki lauyoyi, suka ce wa kamfanoni ku zo ku yi tayi. A 2009 irin waɗannan ƙungiyoyi suka samu sama da dala 5,000 kowace eka, kusan miliyan biyu da rabi na sefa, da kashi 20 cikin ɗari. Ƙasa ɗaya, dutse ɗaya, wani lokaci shinge kawai ya raba gonakin biyu. Na farko bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, dillali kuwa ya sani, kuma ya zo masa shi kaɗai.

Amma ko wanda ya samu kaso mai kyau bai tsira ba tukuna, don a ƙananan layuka ake yanka mutum. Jihar Pensilbaniya tana da doka tun 1979 da ta ce kason mai ƙasa ba zai gaza ɗaya bisa takwas ba. Sai tambaya ta taso: ɗaya bisa takwas na wane kuɗi? Na kuɗin da aka sayar a kasuwa, ko na abin da ya rage bayan an cire kuɗin tarawa da tacewa da turawa cikin bututu? A 2010 babbar kotun jihar ta yanke cewa ana iya cire waɗannan kuɗaɗe kafin a yi lissafin kaso. Bayan haka aka samu manoman da takardar biyansu ta wata ta zo da abin da bai kai kuɗin cefane ba, waɗansu ma ta nuna su ake bi. Babban lauyan jihar ya kai kamfanin Chesapeake ƙara a 2015 a kan wannan, sai a 2021 aka sasanta. Duk wannan wahala layi ɗaya ne zai hana ta, layin da ke cewa kaso daga kuɗin sayarwa ne gaba ɗaya, ba a cire kome ba. Waɗanda suka nace aka rubuta musu shi sun fi samun barci.

Sai maganar wa'adi. Takarda tana cewa shekara 5, amma tana ƙarawa da cewa haya za ta ci gaba muddin ana fitar da mai. To, in mutum yana da eka 500, kamfani ya haƙa rijiya ɗaya a kusurwa, ko ma a gonar maƙwabci da aka haɗa da ɗan yankin tasa, wannan rijiya ɗaya tana iya ɗaure filin duka har jikoki. Wani lauya na jihar Luwiziyana, Lawrence Pugh, ya tsara maganin wannan a 1947: in wa'adi ya cika, abin da rijiya ke ci shi kaɗai kamfani zai riƙe, sauran ya koma wa mai shi. Har yau da sunansa ake kiran wannan sharaɗi, kuma ba kasafai ake tarar da shi a takardar da dillali ya fara miƙowa ba. Sai an tambaya.

Kan gona ma abin ciniki ne: ina za a kafa injin, ina hanya za ta bi, nawa ne tazarar da za a bari daga gida da rijiyar sha, wa zai gyara ƙasa in an gama. A dokar can mai ma'adinai ya fi mai gona ƙarfi, yana da ikon shiga ya yi aikinsa. A Teksas sai da aka kai ga babbar kotun jihar a 1971, saboda famfunan kamfanin Getty sun yi tsawon da suka tare wa wani manomi injinsa na ban ruwa, kafin aka ce dole kamfani ya sassauta in yana da wata hanya mai yiwuwa.

Yanzu mu zo kan ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In manomi ya karanta takarda ya ce ba ya so fa? A sama da jihohi 30 na Amurka amsar ita ce: ana iya sa shi ciki ko ya so ko bai so ba. Kamfani ya kai buƙata gaban hukumar mai ta jiha, hukuma ta zana wani yanki ta ce rijiya ɗaya ko ƴan kaɗan ne za su ci shi, kuma duk mai fili a cikin zanen an haɗa shi. Ni na sa masa suna haɗin dole, don ya yi kama da auren dole: an ɗaura, an ba ka sadaki, amma ba a nemi yardarka ba.

Wanda ya ji wannan karon farko zai ce zalunci ne tsagwaronsa. Ni ma haka na fara ɗauka. Amma sai an san tarihin abin kafin a yanke hukunci.

Mai ba ya zama wuri ɗaya kamar zinariya a cikin dutse. Yana tafiya, yana bin inda aka huda. Masu lambu a gulbin Maraɗi da fadamun Tawa sun san wannan a ruwa: maƙwabci ya yi rijiya mai zurfi ya sa injin, taka ta fara ja da baya, alhali bai taka iyakarka ba. A 1889 babbar kotun Pensilbaniya ta kwatanta mai da gaz da naman daji: wanda ya kama shi ne mai shi, ko daga dajin wa ya fito. Ma'anar wannan hukunci ita ce, in maƙwabcinka ya haƙa, ba ka da wurin kai kuka. Abin da ya rage maka kai ma ka haƙa, ka riga shi zuƙewa.

An ga ƙarshen wannan tsere a gabashin Teksas, inda aka gano wani makeken tafkin mai a watan Oktoba na 1930. Kowa ya kafa injinsa, a gona da bayan gida da farfajiyar coci. A tsakiyar garin Kilgore an jera rijiyoyi 24 a fili wajen rabin hekta. Gangar mai da ake sayarwa sama da dala ɗaya ta faɗo har santi 10 a 1931. Ga kuma hasarar da ido ba ya gani: ƙarfin da ke turo mai daga ƙasa yana sacewa in an huda wuri da yawa an buɗe gaba ɗaya, sai man da za a iya fitarwa ya maƙale har abada. A watan Agusta na 1931 gwamnan Teksas, Ross Sterling, ya tura soja suka rufe rijiyoyin. Gwamnan Oklahoma, William Murray, shi ma ya yi haka a tasa jihar cikin watan.

Daga nan hukumomi suka fara sa tazara tsakanin rijiyoyi. Amma tazara ta haifi wata tambaya. In an ce rijiya ɗaya ce za ta ci eka 40, ni kuma eka 3 gare ni a ciki, an hana ni haƙawa ke nan, maƙwabcina kuma yana shan nawa. Wani ƙaramin gari a jihar Kansas, Oxford, ya riga ya nuna hanya: rijiya ɗaya a kowace unguwa, a raba kaso tsakanin duk masu filaye gwargwadon faɗin na kowa, kuma kotun tarayya ta amince da haka a 1929. Jihohin Oklahoma da Niyu Meksiko suka mai da shi dokar jiha a 1935. Ashe tun asali haɗin dole kariya ce ga ƙaramin mai fili, don kada babba ya shanye shi ya bar shi da kallo.

Lissafin ba shi da wuya. A ce yankin rijiya eka 640 ne, kamar hekta 259, kai kuma kana da 40 a ciki. Rabonka ɗaya bisa 16. In aka fitar da ganga 1,280, guda 80 daga rabonka suke. In kasonka ɗaya bisa takwas ne, ganga 10 taka ce. In ka yi ciniki ka samu kashi 20, ganga 16. Ko rijiyar tana cikin gonarka ko tana can ƙarshen yankin, rabon bai sake ba.

A kan wannan tushe ni ina goyon bayan haɗin dole. Tafki ɗaya ne, kuma babu wanda ya haƙa shi. Bai kamata mutum ɗaya ya hana ɗari cin arzikinsu ba, musamman in an duba cewa sau da yawa mai hanawar ba ƙi ya yi ba, ba a ma san inda yake ba. Fili ya bi gado hawa uku ko huɗu, magada sun kai hamsin, waɗansu sun watsu ba a da labarinsu. Duk alƙalin da ya taɓa zama kan rabon gonar gado a nan ƙasar ya san irin wannan ɗaurin gwarmai. A can, dokoki da yawa sun ce a ajiye kason wanda ba a gani ba har ya bayyana, aiki kuma ya ci gaba. Wannan daidai ne.

Sai dai wuƙar da aka ƙera don yanka wa maraya nama tana iya komawa wuyansa, kuma ta koma a wurare da yawa. Abin da ke ba mai fili ƙarfi a ciniki shi ne ikon cewa a'a. In dillali ya zauna ya ce sa hannu yau a kan wannan farashi, in ba haka ba wata mai zuwa hukuma za ta sa ka ciki, to, ciniki ya ƙare, saura karɓar umarni. A Oklahoma babu adadin masu yarda da ake buƙata kafin a nemi haɗin. Takardar hukuma tana zuwa, yawanci da wa'adin kwana 20: ko ka zuba rabonka na kuɗin haƙa rijiya, abin da ke cin miliyoyin daloli, ko ka zaɓi ɗaya daga cikin farashin da aka jera. In ka yi shiru a zaɓa maka, kuma yawanci kaso mafi ƙanƙanta ne. Tsohuwar da takarda ta tarar a asibiti, ko magajin da aka aika wa a tsohon adireshi, haka za su wayi gari an gama da su.

Waɗansu jihohi kuma suna da abin da za a kira tarar kasada. Tun da ba ka zuba kuɗi ba, kamfani zai riƙe mafi yawan rabonka har ya mai da abin da ya kashe a madadinka, ya kuma ƙara wani abu a kai saboda shi ya ɗauki kasadar rijiya ta fito busassa. A Dakota ta Arewa ƙarin rabin kuɗin ne ga mai filin da bai ba da haya ba. A Kolorado sai kamfani ya mai da ninki biyu na kuɗin haƙawa. Akwai hujja a ciki, don ba a cin riba ba tare da jari ba. Amma in rijiyar ba mai albarka ba ce, mutum yana iya mutuwa bai ga ranar da bashin da bai ci ba ya ƙare.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi, kuma ban ga masu kare kamfanoni sun amsa ta yanda ya gamsar da ni ba. Dokokin 1935 an yi su ne don man da ke gudu daga gona zuwa gona. Man da gaz ɗin da aka fi haƙowa a Amurka tun wajen 2008 kuwa a cikin dutse mai tauri suke a kulle. Ba sa motsi sai an nutsa kamar kilomita 2, an karkata bututu ya tafi a kwance kilomita 3 ko fiye, sannan an fasa dutsen da ruwa da yashi da magunguna. Nan maƙwabci ba ya shanye naka daga nesa kamar da. In an haɗa ka, an haɗa ka ne don bututu ya samu hanya miƙaƙƙiya ta ƙarƙashinka, aikin kamfani ya yi araha. Wannan ma amfani ne, har ga jama'a, don rijiya ɗaya doguwa ta fi guda goma gajeru rage ɓarnar gonaki. Amma a kira abu da sunansa. An karɓi dukiyar wani an ba ɗan kasuwa saboda ana ganin amfanin jama'a a ciki, kuma wanda aka yi wa haka ya cancanci fiye da mafi ƙarancin farashi.

Jihohin ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ohayo tana neman yardar masu kashi 65 cikin ɗari na filin kafin a haɗa babban yanki. Birjiniya ta Yamma, bayan shekaru ana kai ruwa rana a majalisa, ta yi doka a 2022 da ta sa kashi 75 a ɓangaren masu ƙasa. Kolorado, inda rijiyoyi suka matso har bayan gidajen mutane a garuruwa irin su Broomfield, ta gyara tata a 2019: sai an samu kashi 45, kason wanda aka tilasta ya tashi zuwa kashi 13 a gaz da 16 a mai, kuma ba za a taka kan filinsa ba sai da izininsa. Kafin nan mai ƙaramin rabo ɗaya ya isa ya jawo unguwa duka. Pensilbaniya tana da dokar haɗi ta 1961, amma ba ta shafi dutsen Marcellus ba, kuma an fitar da gaz mai ɗimbin yawa a can ta hanyar ciniki kawai. Teksas, uwar mai, dokarta ta 1965 ta ce sai mai neman haɗi ya nuna ya yi tayi na adalci tukuna, in ba haka ba a kori buƙatarsa. Hukumar da ke duba wannan a Teksas sunanta Hukumar Jirgin Ƙasa, ko da yake ta daɗe da barin harkar jirgi, sunan ne ya bi ta.

In da ni ake tambaya, kashi 45 ya yi kaɗan. Tsiraru ba sa ɗaure masu rinjaye a kowane taron gari da na sani. A bari sai kashi biyu cikin uku sun yarda da bakinsu, don yardarsu ita ce shaidar cewa farashin ya yi. Wanda aka tilasta kuma a ba shi mafi kyawun abin da wani ya samu a yankin, ba a cire masa kuɗin bututu ba. In kamfani ya san wanda ya ƙi zai samu mafi tsada, zai yi tayin gaskiya tun farko. In ya san mai ƙi zai samu mafi araha, me zai sa ya wahalar da kansa?

To, mu dawo gida. Dokar man fetur ta 2017 ta ce duk man da gaz ɗin da ke cikin ƙasar Nijar, wanda aka gano da wanda ba a gano ba, na ƙasa ne. Mun gaji wannan tsari daga dokar ma'adinai ta Faransa ta 1810, amma ba baƙo ba ne a wurinmu, don malaman mazhabar Malikiyya tun da daɗewa sun bar al'amarin ma'adinai a hannun shugaba ya sarrafa don amfanin jama'a. Manomin Nijar ba zai ga dillali a ƙofarsa ba. Mu an haɗa mu tun ran gini, mu duka, daga Bilma har Gaya, kuma gwamnati ce mai ƙasar da ke zama gaban kamfani a madadinmu. Ina ganin wannan ya fi mana. Ya hana mu tseren Kilgore, ya kuma hana a bi talaka shi kaɗai a saye shi da jikka 13.

Amma tambayoyin da manomin Pensilbaniya ya kamata ya yi, su ne dai ke gaban ma'aikatanmu, sai dai da manyan lambobi. Yarjejeniyar Agadem da aka sa wa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008 ta zo da kuɗin sa hannu dala miliyan 300. Dokarmu ta 2007 ta sa kason ƙasa a kan ɗanyen mai tsakanin kashi 12.5 da 15, wato ƙasansa ɗaya bisa takwas ɗin nan ne na manoman Amurka. Bayan shi kamfani yana ɗibar mai don mai da kuɗin da ya kashe, har zuwa kashi 70 na abin da ya rage, sannan a raba saura. Duk wanda ya bi labarin manoman da aka cinye wa kaso da kuɗin bututu zai gane inda ya kamata a sa ido: wa ke ƙidaya kuɗin da aka ce an kashe, da wane ma'auni, kuma nawa ake caji a kan kowace ganga da ta bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme, inda jirgin farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024? Ƙasar da ke da injiniyoyi da akantocin da za su buɗe waɗannan littattafai layi layi ta fi ƙasar da ta samu babban kaso a takarda. Horar da su ya fi araha bisa ga abin da rashinsu ke ci. Sharaɗin Pugh ma yana da ɗan uwa a dokokin mai na ƙasashe: yankin da kamfani bai yi aiki a kai ba ya mai da shi in wa'adi ya cika, don a ba wani.

Haɗin rijiya kansa yana iya zuwa mana ta kan iyaka, don tafkin mai bai san tuta ba. Ɗaya daga cikin zarge-zargen da Iraƙi ta yi wa Kuwaiti kafin ta mamaye ta a 1990 shi ne tana zuƙe man Rumaila daga ɓangarenta. Senegal da Muritaniya kuwa, da aka gano gaz a teku daidai kan iyakarsu, sun sa hannu a 2018 a kan su raba biyu daidai, kuma a 2025 suka fara sayarwa. Mu ma muna da yankunan bincike da ke jingine da iyaka, kamar Kafra a gefen Aljeriya. Gara a yi irin wannan magana da maƙwabci tun rijiya ba ta fito ba.

Wanda aka haɗa bisa dole yana da haƙƙin ya ga takardar da aka ɗaure shi da ita. Kundin tsarin mulki na 2010 ya wajabta buga yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa a jaridar dokoki ta gwamnati. An dakatar da kundin a 2023, amma dalilin da ya sa aka rubuta wannan layi bai tafi ko'ina ba, kuma ya kamata ya samu wuri a duk tsarin da za a kafa. Haka nan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin mai da doka ta ware wa jihar da ake haƙowa da gundumominta, wanda mutanen yankin suka sha kokawa a kan jinkirinsa. A liƙa adadin a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari, da Faransanci da Hausa da Kanuri da Tubanci, kowa ya karanta.

Abin da ya rage a hannun manomi shi ne kan gonarsa, kuma nan doka tana tare da shi in ya san ta. Babban bututu ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, kuma ba shi ne aiki na ƙarshe da zai nemi hanya ta cikin gonaki ba. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce diyya ta zama ta adalci, kuma a biya ta kafin a karɓi filin. Amma diyya tana bin wanda aka sani ne. Tun 1993 dokar karkara ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, kuma suna ba da takardar shaidar gonar gado. Wanda bai da ita ya je ya nema tun babu mai auna gonarsa. In masu awo sun zo, kada kowa ya shiga rumfa shi kaɗai. Ƴan gari su zauna tare da mai gari, a sa wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta takarda da ƙarfi daga farko har ƙarshe, a ƙidaya gawo da aduwa da kuka da rijiya ɗaya ɗaya, a rubuta shekara nawa ƙasar za ta yi ba ta ba da hatsi ba, a tambaya ko an yarda a sake shuka a kan layin bayan an binne bututu, kuma kowa ya tafi gida da kwafinsa. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina a rubuta sunansa shi ma, don amfanin da ke tsaye nasa ne. Makiyayan Agadem, waɗanda arzikinsu rijiya ne da makiyaya, ba gona mai iyaka ba, su suka fi kowa buƙatar a rubuta haƙƙinsu a littafin Kofo kafin injin ya iso.